Fulawa Shida Marasa Saiwa

Garinmu yaƙi ne ya kafa shi. Haka muka tashi muka ji daga bakin manya: kakanninmu daga Zazzau suka gudo da iyalansu, suka yi ta gararamba a ƙasar Gwari har suka sami gindin duwatsun nan suka sauke kaya, suka ja ganuwa. Abuja ake kiran garin, har ranar da gwamnati ta ce tana son sunan domin sabon birnin da za ta gina a bayan dutsen Zuma, mu aka bar mu da Suleja. Ina saurayi aka yi wannan. Abin da zan ba da labarinsa ya zo ne daga baya, lokacin da aka kwaso ma'aikatu daga Legas ɗungurungum. A lokacin ina da mata da 'ya'ya biyu da wata tsohuwar mota akori-kura da sai an tura take tashi in ta kwana biyu a ajiye.

Akwai wani dattijo, aminin mahaifina, da ke da lambu a bakin rafi, ƙasa da inda ganuwar ta rushe. Baba nake ce masa, haka kowa ma. Lambunsa ba tumatir, ba alayyahu, ba albasa. Fulawa ce kawai. Ya koya ne tun yana matashi a gidan wani Bature da ya yi wa aikin lambu, Baturen ya tafi, shi kuma abin ya zauna masa a hannu. Shekara da shekaru mutanen gari suna yi masa dariya, wai yana ban-ruwa ga abin da ba a miya da shi. Sai ga shi an fara gina birni, gidaje ba su wadata a can ba, ma'aikata suka cika garinmu da haya. Su kuwa suna son ganin fure a ƙofar ɗaki. Otal ya nema, majami'u biyu suna aikowa duk Asabar, matar likita ba ta wata guda ba ta saya ba. Baba bai iya ko keke ba, shi ya sa ya kira ni. Shi ke reno, ni ke kaiwa. Da farko cikin gari kawai nake zagayawa, daga baya hanya ta miƙe har Garki.

Aikin nasa ba shi da wuyar ganewa, haƙuri yake ci. Zai yanko reshe, ya tsige ganyen da furen, ya soka a baƙar leda mai ƙasa da taki, ya jera ƙarƙashin rumfar zana. Sai ban-ruwa safe da yamma har kusan wata biyu. Ba ya barin leda ta fita daga lambun sai ya ɗaga ta ya leƙa gindinta. In ya ga farar saiwa ta leƙo ta hujin ledar, sai ya miƙo mini ya ce, “Wannan ta kama, ɗauka.” In bai gani ba, ko ganyenta ya kai na ayaba, mayar da ita yake yi.

Makon da aka ce kujerar mulki ta dawo Abuja, Garki ta koma kamar gidan biki. Tireloli cike da kabad-kabad na ofis da kujeru, mata da maza tsaye a bakin titi da akwatuna suna tambayar ina ne Area kaza. Ana fenti, ana shara, ana kafa tutoci. A gaban wata sabuwar ma'aikata wani ɗan kwangila ya tare ni. Ya ce ran Alhamis manyan baƙi za su zo, yana son leda ɗari biyu, duk masu fure, a jera tun daga ƙofa har matakala. Ban ko yi shawara ba na ce an gama.

Na dawo na sami Baba yana tankaɗe taki.

“Baba, ɗari biyu yake so.”

“Tamanin ne suka kama. Kai masa tamanin.”

“Waɗancan fa na rumfar baya? Ai sun yi ganye.”

“Sun yi ganye, ba su yi saiwa ba. Ka ce ya jira wata guda.”

“Baba, jibi-jibi ne fa abin.”

“To ya yi da tamanin,” in ji shi, ya ci gaba da tankaɗensa.

Ban koma na ce wa ɗan kwangilar tamanin ba. Ina jin kunyar in koma in ce abin da na yi alkawari ya fi ƙarfina, kuma gaskiya ina kwaɗayin cinikin. A kan tudu, bayan gari, akwai tsoffin gidajen Turawa da ba kowa a ciki. Shingen ɗaya daga cikinsu na wata fulawa ce mai ƙaya, mai jan fure sirara kamar takarda, ta yi girma har ta hau rufi. Na je da safe da wuƙar girkin matata na yi ta sara, na cika bayan mota. A bayan gidana na kwaɓa laka mai danƙo, wadda in ta riƙe abu ba ta saki, na cika ledoji, na sossoka rassan da furensu da ganyensu. Da na jera su sai suka fi na Baba kyau nesa ba kusa ba, don nasa ƙanana ne, fure ɗaya biyu.

Matata ta fito shanya ta tsaya tana kallo.

“Malam, waɗannan ai kwana biyu za su kwanta.”

“Na kwana biyun ake so,” na ce mata.

Ta karɓi wuƙarta ta wanke.

Ran Laraba na kai. Na cakuɗa su da na Baba, aka jera, ɗan kwangila ya yi ta yaba mini, yana kirana oga. Wurin ya cika, leda shida suka yi saura, duk daga cikin nawa. Ya ce in tafi da su. Da na zubar da su a kwalbati a hanya, da yanzu ba ni da abin faɗa. Amma na bar su a bayan mota, na bi ta Area 2 zan sha mai.

A nan wata mata ta ɗaga mini hannu. Za ta yi shekara arba'in da wani abu, da tabarau, da zane ɗaure a kan rigar aiki. Tana tsaye a gaban wani gida na ƙasa cikin jerin gidajen ma'aikata, akwatunanta ma ba ta gama shigarwa ba. Na fara lalubo ɗan Turancina, sai ta yi mini Hausa.

“Malam direba, na sayarwa ne?”

Hausarta ta wanda ya iya tun yana yaro ya daɗe bai yi ba, tana mayar da mace namiji, tana tsayawa neman kalma. Na ce na sayarwa ne. Ta zagayo bayan motar ta taɓa furen da yatsa ɗaya.

“Irin wannan ne a ƙofar gidanmu a Sabon Garin Zariya. Mamana ya shuka.” Ta dube ni. “Zai rayu?”

“In kin ba shi ruwa, Madam.”

Ta ɗauki duka shidan. Ni da kaina na sauke mata, na jera su ƙarƙashin tagarta, uku nan uku can. Na ce kada ta cire su daga leda tukuna, sai sun saba da wurin. Wannan na faɗa ne don kada ta ga gindinsu.

Duk Asabar ina da kaya a Garki, kuma hanyar ta ƙofarta take bi. Asabar ta farko na so in wuce, ta hango motar ta fito da gudu. Furen ya fara zuba, ganyen ya sunkuya. Na tsuguna na dudduba kamar likita, na ce baƙunta ce, haka suke yi in an canja musu wuri. Ta ce ita ma haka take ji. Ta kawo mini ruwa da alala mai zafi a faranti, ta zauna a bakin dandamali tana ba ni labari. Tafireta take bugawa a wata ma'aikata. Mijinta da 'ya'yanta huɗu suna Legas, shi aikinsa ba na gwamnati ba ne, yara kuma suna tsakiyar makaranta. Ita aka ce ko ta biyo aikinta ko ta ajiye. A Zariya aka haife ta. Tana 'yar budurwa rikici ya tashi, suka shiga jirgin ƙasa da abin da hannu zai iya ɗauka suka yi Gabas, yaƙi ya same su a can. Bayan yaƙi ta tafi Legas. Ba ta sake tako Arewa ba sai wannan watan. Ta faɗi duk wannan ba tare da ta canja murya ba, tana tsince busasshen furen da ya zuba tana tarawa a tafin hannu.

Na cinye alalar.

Asabar ta biyu ganyen ya yi rawaya. Na ce rana ce ta yi musu yawa. Da na dawo ta uku, na tarar ta kafa sanduna huɗu ta ɗaura tsohon zane ta yi musu inuwa. Ganyen ya kusa ƙarewa. Na ce wataƙila ruwan famfo ne, maganin da ake zuba masa yana da ƙarfi. Ta ce to me za ta yi? Na ce ta riƙa tara shi a bokiti ya kwana kafin ta zuba. Wannan aƙalla na taɓa ji Baba ya faɗa. Ta kawo takarda da biro ta rubuta.

“Ko hannuna ne,” ta ce. “Mamana ko sanda ya soka a ƙasa sai ya tsiro. Ni ban gaje shi ba. A Legas bene muke, ban taɓa shuka komai ba. Na ce nan tunda akwai ƙasa, bari in gwada.”

Na ce mata ba a yanke ƙauna, wani lokaci sukan zubar da ganye su sake sabo.

Mutum zai ce me ya hana ni ɗauko wasu masu saiwa in musanya mata. Na yi wannan tunanin. Amma tamanin ɗin da suka kama duk na kwashe su, sauran ba su nuna ba, kuma Baba ya san kowace leda da inda ta tafi. In na ce ina son shida, zai tambaya na wa, in na ce na wadda nata suka mutu, zai tambaya yaushe ta saya. Sai na yi ta cewa mako mai zuwa. Na ma sami abin da na kwantar da hankalina da shi: na bi ta gaban ma'aikatar nan na ga duk waɗanda aka jera sun bushe ƙurmus, har da na Baba, don tun da baƙi suka watse ba wanda ya zuba musu ko kofi ɗaya. Na ce a raina, ashe duk ɗaya ne.

Asabar ta huɗu na tarar ba ita kaɗai ba ce. A kusurwar layin akwai wani Alhaji, Bakatsine, mai shagon kayan masarufi, wurinsa take sayen burodi da madara. Ta kira shi ya duba mata, don ya ce mata shi manomi ne kafin ya zama ɗan kasuwa. Muka gaisa. Ya tsuguna, ya kankare bawon reshe ɗaya da farce, ya ga ciki ya bushe. Sai ya kama shi ya murɗa, ya ja. Lakar ta riƙe kaɗan, sannan ta saki. Ya ɗago sanda, gindinta baƙi, ruɓaɓɓe, da sawun wuƙa. Ya ja na biyu, ya ja na uku. Ya jera shidan a kan siminti.

“Madam, ba hannunki ba ne,” ya ce. “Waɗannan ba su taɓa yin saiwa ba. Yanka aka yi aka soka.”

Ya juyo ya dube ni. Na san ya gama karanta ni. Ita ce ta riga ni magana.

“A'a, Alhaji, ba shi ba ne. Shi direba ne. Duk sati yana zuwa yana duba mini. Wanda ya cuce ni zai dinga dawowa?” Ta juyo gare ni. “Wa yake ba ka kayan?”

Ta buɗe mini ƙofa, ni kuma na shige. Har yau ina jin muryata yadda ta fito, a natse, ba rawa.

“Wani tsoho ne a garinmu. Shi ke shukawa, ni ɗauka kawai nake yi.”

“Ka gani,” ta ce wa Alhaji.

Alhaji ya karkaɗe hannunsa, ya ce Allah ya kyauta, ya koma shagonsa. Na ɗauka an gama. Na ce mata zan yi wa tsohon magana, zan kawo mata wasu. Ta ce a'a. Ta shiga ɗaki, ta fito da kayan fita da jaka, ta naɗe sandunan shida a tsohuwar jarida.

“Mu je. Ina so in ga fuskarsa.”

Na ce da nisa. Ta ce ba ta da aikin yi ran Asabar. Na ce motar ba daɗin zama. Ta riga ta buɗe ƙofa ta zauna.

Tafiyar kusan awa guda ce a wannan motar. Tana riƙe da ƙunshin a cinya, tana cewa ba abin da ta biya ne ya dame ta ba, wata guda da ta yi tana zargin kanta ne. Ta ce ta rubuta wa ƙaramar 'yarta wasiƙa ta ce in sun zo hutu za ta ga jan fure a tagar mamanta. Daidai dutsen Zuma na rage gudu, na buɗe baki, sai na ji kaina ina ce mata wannan shi ne dutsen da ake faɗa. Ta leƙa ta ce yana da girma. Sauran hanyar addu'a nake yi Allah ya sa Baba ya tafi jana'iza ko ɗaurin aure. Na san ba ya zuwa ko'ina da rana tsaka.

Mun same shi ya idar da azahar a kan buzunsa, ƙarƙashin mangwaro. Ya ga baƙuwa ya miƙe, ya gyara hula, ya yi mata maraba, ya jawo mata kujerar katako. Ba ta zauna ba. Ta warware jaridar ta zube sandunan a gabansa.

“Baba, kai ne mai lambu?”

“Ni ne.”

“Kai ka ba wannan mutumin waɗannan ya kawo mini?”

Baba ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki ɗaya. Ya juya ta, ya kai gindin kusa da idonsa, ya shafa sawun wuƙar da babban yatsa. Ya daɗe. Sannan ya ɗago ya dube ni sau ɗaya. Ina tsaye jikin motar, makulli a hannu. Na kalli ƙasa.

“A ina kike zaune, 'yata?” ya tambaye ta.

“Garki.”

“Yaushe aka kawo miki?”

“Wata ɗaya ke nan. Kullum ina ba shi ruwa. Na yi masa inuwa. Na ce hannuna ne ba kyau.”

“Hannunki lafiya lau,” in ji Baba. “Laifin daga nan yake. Ki yi haƙuri.”

Da ya yi musu, ina jin da abin ya zo da sauƙi. Haƙurin da ya bayar shi ya tunzura ta. Ba ta ɗaga murya sosai ba, amma ta faɗi maganganu. Ta ce tsoho kamarsa, da furfura, da tabon salla a goshi. Ta ce don ya ga su baƙi ne, ba su san kowa ba. Ta ce ya sa bawan Allah yana yawo gida-gida da kayan ƙarya, in aka kama shi, shi za a zaga. Ta nuna ni da hannu lokacin da take faɗar wannan. Ta ce ta yi murnar dawowa ƙasar da aka haife ta, ga abin da aka tare ta da shi. Wasu mata biyu da ke wanki a rafi suka daina, suka tsaya saurare. Baba yana tsaye, hannuwansa a baya, yana cewa, “Haka ne. Ki yi haƙuri.” Ni kuwa ina nan jikin mota. Ba wanda ya riƙe mini baki. Tsakanina da su bai fi taku biyar ba.

Da ta yi shiru, ya ce ta biyo shi. Ya kai ta rumfar baya. Wata gudan nan da ya ce a jira ya cika, dashen sun kama. Ya ɗauki leda ɗaya ya yage ta a gabanta, ƙasar ta tsaya cur, farar saiwa ta naɗe ta ko'ina. Ya ce ta taɓa. Ya zaɓar mata shida na irin nata, ya ƙara mata da wardi biyu da wata mai ganye kala-kala. Kowace sai ya ɗaga ya nuna mata gindin. Ta buɗe jaka, ya ce ta rufe. Ba ta yi godiya ba, kuma ban ga laifinta ba.

Sannan ya yi mini magana, karo na farko tun isowarmu.

“Ɗauki fartanya da buhun taki. Kada ka bar mata a leda. Ka haƙa rami kamu biyu, ka sa taki a ƙasa, ka dasa da hannunka. Yau.”

Na mayar da ita Garki na yi yadda ya ce. Ƙasar wurin duk ɓaraguzan siminti ne da magina suka binne, sai da tafin hannuna ya yi kanta. Tana tsaye a kaina da ruwan sha, tana ce mini in yi hankali da tsohon nan, in nemi wani lambun in zan iya. Alhaji yana zaune a ƙofar shagonsa yana kallonmu. Da zan wuce na ɗaga masa hannu, ya ɗaga mini, bai yi murmushi ba.

Washegari na je lambu da wuri, don na san in na ƙi zuwa ranar ba zan sake iya zuwa ba. Baba yana ban-ruwa. Na gaishe shi ya amsa kamar kullum. Na ɗauki bokiti na bi bayansa. Sai da muka gama layi biyu ya ce, ba tare da ya juyo ba:

“A shingen gidan kan tudu ka yanko?”

“E, Baba.”

“Ni na dasa shingen nan.” Ya zuba ruwa. “Da wace wuƙa?”

“Ta girki.”

“Na gani. Ka dandaƙe bakin reshen. Ga laka ka sa, ruwa ba ya wucewa. Da ka yanka daidai ka tsige ganyen, ko biyu cikin shidan da sun kama da kansu, yadda matar nan ta kula da su. Shekara nawa kana kallona ina yi?”

Na ce ya yafe mini. Na ce ban san abin da ya shiga kaina ba. Ya ce ya sani, shi ma ya taɓa zama mai ƙananan yara. Na tambaye shi me ya sa bai faɗa mata gaskiya ba.

“Kai kake shiga gidajen mutane,” ya ce. “In aka ce direban maƙaryaci ne, wa zai buɗe maka ƙofa? Ni a nan nake zaune. Ta zage ni, ta tafi, maganar ta ƙare a bakin rafi. Kuma da mahaifinka muka yi kaciya.”

Nan Baba ya yi kuskure, maganar ba ta ƙare a bakin rafi ba. Fulawar Madam ta kama, kafin damina ta wuce ta kai taga. Duk wanda ya gani ya tambaya, sai ta ba shi labarin gaba ɗaya, ta ce direban mutumin kirki ne, amma tsohon sai an sa ido, a ja reshen kafin a saya. Ta haɗa ni da rabin ofishinsu. Ciniki ya buɗe mini a Garki yadda ban taɓa zato ba, har Jabi ana kirana. Waɗanda ke da mota kuma suka fara zuwa lambun da kansu ran Asabar. Ina gani da idona, mutum zai sauko da matarsa, ya ɗauki leda, ya kama dashen ya ja a gaban Baba, yana kallon fuskarsa. Wasu har su tsinka saiwar, su ajiye su ɗauki wata. Baba bai taɓa hana kowa ba. Abin da ya yi kawai, ya riƙa yage leda ɗaya duk Asabar ya ajiye a kan kujerar katako a bakin shiga, don mai son gani ya gani.

Matan wankin nan ma sun kai labari cikin gari. Wata rana bayan la'asar, a majalisar ƙofar masallaci, wani ya ce ashe Baba sanda yake sayar wa mutanen Legas, aka yi dariya. Wani ya ce ai ya yi daidai, su da suka ƙwace mana suna. Ina zaune a wurin. Baba ma yana zaune, yana jan carbi. Na jira ya dube ni, bai duba ba. Na tashi na ce zan duba mota.

Sai da shekara ta zagayo na iya. Na je gidan Madam ba tare da kaya ba. 'Ya'yanta sun zo hutu, ƙaramar tana zaune a ƙarƙashin fulawar tana karatu. Na ce ina son magana da ita, muka koma gefe. Na faɗa mata komai, da shingen, da wuƙar, da lakar, da ɗan kwangilar. Na ce Baba bai san da su ba sai ranar da ta zube su a gabansa. Ta saurare ni har na gama. Sai ta cire tabarau ta goge da bakin zane, ta yi ɗan murmushi.

“Shi ya aiko ka?”

“Wallahi bai san na zo ba.”

“Na san ku,” ta ce. “A Zariya ma haka kuke, ba ku son babba ya ji kunya. Amma da bakinsa ya ce laifin daga wurinsa yake, ina tsaye. Kai kana da zuciya mai kyau, kada ka ɗauki kayan wani. Ni na yafe masa tuntuni.”

Na sake rantsewa. Ta dafa kafaɗata ta ce ya isa, ta kira 'yarta ta kawo mini lemo a leda in kai wa yara. Na karɓa.

Ta yi shekara takwas ko tara a gidan nan kafin ta yi ritaya ta koma garinsu. Har ta tafi ni nake kai mata taki, kuma muddin Baba na raye, duk zuwa sai ta tambaye ni ya tsohon, ya daina halin? Tun ina gyara mata har na gaji na koma cewa yana gaishe ta. Baba ya rasu kafin tafiyarta, 'ya'yansa suka sayar da lambun, yanzu gidan bulo ne a wurin. A majalisar masallaci ban taɓa tashi na faɗa ba. Kullum ina cewa sai an sake tayar da maganar, ba a sake tayarwa ina wurin ba, waɗanda suka yi dariyar kuma yawancinsu sun mutu.

Ranar da na dawo daga wurin Madam da ledar lemon, lambu na zarce. Na tarar da Baba yana yanka rassa, yana tsoma su a kwano. Na tsuguna kusa da shi na ce na je na gaya mata gaskiya.

“Ta yarda?”

“Ba ta yarda ba.”

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da yanka. Can ya miƙo mini wuƙar ta wajen ƙota, ya tura mini kwanon da ƙafa, ya ce in yanka a ƙasan gaɓa, a karkace, sara ɗaya. Na yanka na farko ya karɓa ya duba ya jefar. Na biyu ma ya jefar. Na uku ya tsoma a ruwa, ya ce in ci gaba, shi zai je ya yi alwala.